Maganin mantuwa mai takardar mallaka: wa ya mallaka, wa ya warke?

Kasuwar maganin ƙwaƙwalwa ba ta taɓa mutuwa a Katsina ba, sai dai ta sake riga. Garin da ya yi suna da karatu tun zamanin Gobarau da su Wali Ɗan Marna, ga makarantun allo, ga na hadda, ga jami'o'i, ba zai rasa masu neman abin da zai kaifafa kai ba. Da can zuma ce da zabibi da rubutun sha, ko wani ƙulli da mai mota da lasifika ke yi wa kirari ranar kasuwa. Duk suna nan. Abin da ya ƙaru shi ne wata haja mai tsada da ba a baza ta a tabarma. Kwalba ce mai sheƙi, rubutun jikinta Turanci, tallarta a WhatsApp da Facebook da TikTok, kuma kirarinta biyu ne. Na farko, wai akwai wani furotin na musamman a cikinta da ke gyara ƙwaƙwalwa. Na biyu, wanda ya fi kashe wa mutane jiki, wai maganin yana da takardar mallakar ƙirƙira daga Amurka, ga ma lambar nan a kwali ga mai shakka.

Masu saye ba wawaye ba ne. Uba ne wanda ɗansa ya zauna JAMB ya sake zama, maki ya ƙi kaiwa. Ko kuma 'ya ce wadda mahaifiyarta ta fara tambayar ko ta yi la'asar alhali yanzu ta sallame. Damuwa ce ta ci musu tuwo a ƙwarya, mai talla kuwa ya san inda zai taɓa. Ni abin da nake gani shi ne, wannan lamba da ake nuna mana ba ta da alaƙa da warkewa, kuma kuɗin da take kwashewa daga gidajenmu kuɗin abubuwan da ke kare ƙwaƙwalwa ne da gaske, waɗanda ba su da kwalba mai sheƙi balle mai yi musu talla.

Takardar mallakar ƙirƙira tambaya ɗaya take amsawa: wa ke da ikon yin wannan abu ya sayar? Ofishin da ke ba da ita yana duba ko abin sabo ne, ko wani bai riga ka ba, ko ana iya sarrafa shi a masana'anta. In ka tsallake, sai a ba ka shekara 20 ka ci kasuwarka kai kaɗai. Gwada magani a kan dubban majinyata a ga ko yana aiki, wannan hurumin wata hukuma ce daban, kuma hanya ce mai tsawo da yawancin masu takardun ba sa taɓa kammalawa. Kamar takardar gona ce: tana shaida cewa filin naka ne, ba ta ce gero zai yi a cikinsa ba. A nan gida ma abin ya fi haka sauƙi. Dokarmu ta mallakar ƙirƙira ta 1970 ce, kuma a ƙarƙashinta magatakarda takardu kawai yake dubawa, ko an cike su daidai, ko an biya kuɗin da aka yanka. Dokar da bakinta ta ce ana ba da takardar ne bisa kasadar mai nema, ba tare da tabbacin ingancinta ba. To, wanda ya ɗaga maka irin wannan takarda a matsayin hujjar cewa Innarka za ta daina mantuwa, ko dai bai san abin da ke hannunsa ba, ko ya sani yana fata kai ba ka sani ba.

Akwai labarin da ya kamata duk mai shirin tura kuɗi ya ji tukuna. A 1962 wani masani ɗan Japan, Osamu Shimomura, ya ware wani furotin daga jikin wata halittar teku marar ƙashi, mai jiki garai-garai, wadda ke fitar da haske a duhu. Aikin nasa a kan wannan halitta ya kai shi ga kyautar Nobel a 2008, saboda ya buɗe wa masu bincike hanyar ganin abin da ke gudana a cikin ƙwayoyin halitta. Babu ruwan aikinsa da mantuwa. Amma wani kamfani a jihar Wisconsin ta Amurka, Quincy Bioscience, ya ɗauki dangin wannan furotin, ya haɗa shi a masana'anta, ya samu takardun mallaka, ya zuba shi a ƙwaya mai suna Prevagen, ya cika talabijin da tallar cewa yana ƙara ƙarfin tuni. Tsofaffin Amurka suka yi ta saye. A cewar hukumar kula da ciniki ta ƙasar, FTC, daga 2007 zuwa tsakiyar 2015 cinikin ya haura dala miliyan 165.

A watan Janairun 2017 hukumar da babban lauyan jihar New York suka maka kamfanin a kotu. Abin da suka bankaɗo ya fi ƙarar kanta ban sha'awa. Gwajin da kamfanin ke tinƙaho da shi an yi shi ne a kan mutum 218, wasu aka ba su ƙwayar, wasu aka ba su ta bogi wadda babu komai a cikinta, tsawon kwana 90. Da aka haɗa sakamakon gaba ɗaya, babu wani bambanci na a zo a gani. Sai aka koma ana yayyanka mutanen gida-gida, ana sake lissafi fiye da sau 30, har aka samu 'yan wuraren da lambobi suka yi kyau, aka ɗauke su aka kai talabijin. Wanda ya maimaita lissafi sau 30 a kan abu ɗaya, dole wani ya faɗo masa daidai ko da sa'a ce tsagwaronta. Shari'ar ta ja: an kore ta, kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da ita a 2019, sai a ƙarshen 2024 kotu ta umarci kamfanin ya daina cewa ƙwayar tana inganta tuni. Shekara kusan takwas ke nan, a ƙasar da ke da hukumomi masu haƙora da lauyoyi masu albashi. Duk tsawon lokacin kuwa ƙwayar tana nan a kantuna ana saye.

Dalilin da ya sa masana suka yi wa maganar kallon hadarin kaji tun farko ba ya buƙatar digiri. Duk gidan da ke da mai ciwon suga ya san insulin. An san wahalar tsira allura kullum, an san yadda ake saka kwalbar a leda a ajiye ta a gindin randa idan wuta ta yi kwana biyu ba ta zo ba. Da ana iya mayar da ita ƙwaya a haɗiya a huta, da tuni an yi. Ba a yi ba saboda insulin furotin ce, ciki kuwa aikinsa ke nan: duk furotin da ya shigo, na nama ne, na wake ne, na ƙwai ne, sai ya farfasa shi zuwa ƙananan tubalai kafin ya shiga jini. Ciki ba ya karanta lambar da ke kwali. A takardun ƙarar Prevagen an nuna cewa binciken da kamfanin ya yi da kansa don tabbatar da ƙwayar ba ta cutarwa ya nuna furotin ɗin yana narkewa nan da nan a ciki kamar kowane abinci. Ko da wani abu ya tsira ya shiga jini, akwai shinge na biyu, wanda Allah ya sanya tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, wanda ba ya barin manyan sinadarai su wuce sai ƙalilan. Wannan shinge shi ne ya daɗe yana ba kamfanonin magani na gaske ciwon kai.

Kada a ce na yi wa abin kuɗin goro. Akwai magungunan furotin na gaske da aka yi domin cutar Alzheimer, wadda ita ce kan gaba a cikin cututtukan da muke haɗawa mu kira gigin tsufa. Su ba ƙwaya ba ne, sinadaran garkuwa ne da ake haɗawa a ɗakin bincike, a saka wa majinyaci ta jijiya kamar ƙarin ruwa, su je su kwashe wani datti mai suna amiloyid da ke taruwa a ƙwaƙwalwa. Na farkonsu da ya samu izini a Amurka, Aduhelm na kamfanin Biogen, ya shigo da rigima a watan Yunin 2021. Kwamitin masana da hukumar magunguna ta FDA ta tara bai goyi bayansa ba, hukumar ta yi gaban kanta ta amince, mutum uku daga kwamitin suka ajiye aiki. An sa masa farashin dala 56,000 a shekara, kasuwa ta ƙi, a 2024 kamfanin ya janye shi. Shi ma yana da takardun mallakarsa cif.

Wanda ya biyo baya, lecanemab, da ake sayarwa da sunan Leqembi, na kamfanonin Eisai da Biogen, ya fi shi hujja, kuma ya samu cikakken izini a watan Yulin 2023. An gwada shi a kan mutum 1,795 tsawon wata 18. Ga abin da aka gani, kuma a nan nake so mai karatu ya nutsu: maganin bai dawo da tunin da ya tafi ba. Duka ɓangarorin biyu sun ci gaba da lalacewa, sai dai waɗanda aka ba maganin sun yi ƙasa a hankali, da ragin kashi 27 cikin ɗari. A ma'aunin da likitocin suka yi amfani da shi, mai maki 18, tazarar ba ta kai rabin maki ɗaya ba. Likitoci har yanzu suna jayayya ko iyali za su iya lura da wannan bambanci a gida. Sannan kusan mutum ɗaya cikin takwas ya samu kumburi a ƙwaƙwalwa, wasu kuma ɗigon jini, shi ya sa dole a riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa na MRI a kai a kai. Kafin a fara ma sai an tabbatar da cewa amiloyid ɗin ne ke akwai, galibi da wani hoton ƙwaƙwalwa mai suna PET ko ɗibar ruwan baya irin wadda ake yi wa mai sanƙarau, kuma sai cutar tana matakin farko. Daga nan, a farkon jinyar, sai zuwa asibiti duk bayan mako biyu. Donanemab na kamfanin Eli Lilly, wanda ya fito a Yulin 2024, tafiyarsu kusan ɗaya.

Yanzu a zo kan kuɗi. Farashin da aka sa wa lecanemab a Amurka dala 26,500 ne a shekara, maganin kaɗai, ban da hotuna da gado da likita. A canjin naira 1,500 kan kowace dala, ya doshi naira miliyan 40. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya yi shekara 47 yana tarawa, bai ci ba bai sha ba, kafin ya biya wa mahaifiyarsa shekara ɗaya. Ba mu kaɗai abin ya fi ƙarfinmu ba. A Ingila, hukumar NICE da ke tantance magungunan da gwamnati za ta biya wa jama'a ta ce a 2024 amfanin bai kai kuɗin ba, ta sake faɗa a 2025. To idan Ingila ta yi tsaki, me ake sayar wa mutumin Ƙofar Ƙaura a naira dubu talatin da sunan sabon furotin mai gyara ƙwaƙwalwa? Tabbas ba wannan ba ne.

(Wani abin lura ga Musulmi mai sayen irin waɗannan kaya ta intanet: akwai wata allura mai suna Cerebrolysin da ake yi a Ostiriya, ana amfani da ita a Rasha da China da wasu ƙasashe don matsalolin ƙwaƙwalwa. Daga ƙwaƙwalwar alade ake tace ta, kuma Amurka ba ta ba ta izini ba. Hukuncin larura na malamai ne, amma ai sai mutum ya san abin da ake tsira masa kafin ya je ya tambaya.)

Mahaifiyar wani abokina ta kai shekara uku tana cikin wannan hali. Takan naɗe kuɗinta a ƙyalle ta tura cikin matashi, ta manta, sai ta tashi gidan da rigima wai matar ɗanta ta sace. Wata rana da hantsi aka neme ta aka rasa, sai wani mai shago ya rako ta, ya ce ya gan ta tana tambayar hanyar gidan mahaifinta, gidan da aka rushe tun kafin a haifi abokin nawa. 'Yan uwa suka rabu: wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska ce, aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi. Shi kuma, da yake ɗan boko ne, sai ya sa wani ɗan uwansu da ke waje ya riƙa aiko da kwalabe, yana biya da kuɗin da ya fi rabin albashinsa. Ina zaune a zauren gidan ranar da ƙanwarsa, wadda ke aikin jinya a wani gari, ta zo ta juya kwalbar a hannunta ta karanta, ta ajiye.

"Yaya, yaushe rabon da a auna jinin Inna?"

Ya yi shiru. Ya ce ai tana da magani, wanda aka rubuta mata tun bayan rasuwar Baba.

"Tana sha?"

Aka aika yaro ya ɗauko ledar magungunan. Katin ƙwayoyin hawan jinin ya ƙare tun watanni, ba wanda ya sake saye, don ta ce ba ta jin ciwon kai. Ƙanwar ta fito da na'urar awo daga jaka, ta ɗaura, ta duba, ta kwance ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun don ba ta yarda da abin da ta gani ba. Ba zan ce Inna ta warke ba, mantuwar tana nan har gobe. Amma kuɗin kwalba ɗaya daga cikin waɗancan ya isa ya saya mata maganin hawan jini na watanni, kuma shi ne ke tsaye tsakaninta da shanyewar ɓarin jiki, wanda zai ƙara rushe abin da ya rage na tuninta.

Alƙur'ani ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli, aya ta 70, cewa a cikinmu akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani, kuma Annabi (SAW) ya nemi tsari daga gare shi. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Baƙon abu shi ne yawan da zai yi nan gaba yayin da mutane ke ƙara tsawon rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu gigin tsufa sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu. A 2024 wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafo abubuwa 14 da za a iya gyarawa, waɗanda suka ce suna da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar. A ciki akwai ƙarancin karatu a yarinta, raunin ji da ba a kula da shi ba, raunin gani, hawan jini, ciwon suga, kitse a jini, taba, buguwar kai, kaɗaici, da gurɓatacciyar iska. Karanta jerin nan ka leƙa unguwarku. Dattijon da ya daina zuwa majalisa don ba ya jin abin da ake faɗa, ana yi masa dariya ana cewa ya zama kurma. Tsohuwar da yanar ido ta rufe mata gani, alhali aikin cire ta ba ya ɗaukar awa ɗaya. Ɗan acaɓan da ya bugu da kai a kwalta babu hular kwano. Matar da ta shekara arba'in tana shaƙar hayaƙin ice a madafi marar taga.

Hujjar da ta fi burge ni daga ƙauyukan China ta fito. A 2025 aka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙauyuka 326, a kan mutum kusan 34,000 masu hawan jini. A rabin ƙauyukan aka horar da ma'aikatan lafiya na karkara, waɗanda ba cikakkun likitoci ba ne, aka ba su na'urar awo da ƙwayoyi masu araha ko kyauta, suka riƙa bibiyar mutane har jininsu ya sauka. Bayan shekara 4, gigin tsufa ya ragu da kashi 15 cikin ɗari idan aka kwatanta da sauran ƙauyukan. Ƙwayoyin da aka yi aikin da su tsofaffi ne, takardun mallakarsu sun daɗe da ƙarewa, irinsu ne ke kan kantar kowane kemis daga Funtuwa zuwa Daura. Jihar Katsina tana da mazaɓu 361. Adadin bai yi nisa da na ƙauyukan can ba. Idan gwamnati tana neman abin da za ta yi wa ƙwaƙwalwar tsofaffinmu, ga shi nan: awon jini a kowace cibiyar lafiya ta mazaɓa, ƙwayoyin da ba sa yankewa, da shigar da dattawa marasa ƙarfi cikin tsarin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ba tare da sai sun san wani ba. Kuma kafin a yanke wa tsoho hukuncin gigi, a kai shi likita ya duba, don akwai mantuwar da ƙarancin bitamin B12 ke kawowa, ko matsalar maƙoƙo, ko baƙin ciki mai tsanani, ko tarin magungunan da yake sha, waɗannan kuwa ana iya gyara su.

Ga ɗalibai maganar gajera ce. Babu ɗaya daga cikin magungunan da na ambata da aka yi don lafiyayyen saurayi mai shirin jarrabawa. Abin da ke zaunar da karatu a kai, alarammominmu sun riƙe shi tun kafin wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna saurin mantuwa a 1885: a biya, a maimaita, a bar shi ya kwana, a tashi da asuba a yi tilawa, a koma a yi tishin na baya. Barci yana cikin aikin. Yaron da ya kwana yana latsa waya har ƙarfe biyu, babu kwalbar da za ta cece shi.

Amma inda zancen furotin da ƙwaƙwalwa ya fi yi mini ciwo ba wajen tsofaffi ba ne, ba kuma wajen 'yan JAMB ba. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana gina mafi yawan kanta ne daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu, kuma abin da aka rasa a wannan tsakani da wuya a cike shi gaba ɗaya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan shida cikin kowane yara goma 'yan ƙasa da shekara biyar a jihar nan sun tsumbure. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shida na farkon shekarar saboda tamowa. Waɗanda suka rayu za su shiga aji da ƙwaƙwalwar da yunwa ta riga ta taɓa. Furotin ɗin da suke buƙata sunansa wake, gyaɗa, ƙwai, nono, awara, kifi. A jihar da manoma da yawa suka bar gonakinsu saboda 'yan bindiga, mudun wake ya zama abin da uwa ke tsayawa ta yi lissafi kafin ta taya.

Abin mamaki, a nan ma takardar mallaka ta taɓa shigowa. Abincin tamowar nan da ke cikin 'yar leda, wanda yara ke tsotsa a layin asibiti, Faransawa ne suka ƙirƙiro shi a 1996, likita André Briend da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset, suka sa masa suna Plumpy'Nut. Gyaɗa ce da garin madara da sukari da mai da bitamin. A yunwar Nijar ta 2005, a Maraɗi nan maƙwabtanmu ta bayan Jibiya, ya nuna kansa: MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a ƙasar a shekarar, yawancinsu a gida a hannun iyayensu mata. Wannan ƙirƙira ce ta gaske, an gwada an gani. Duk da haka an shafe shekaru ana takaddama, don takardar mallakar ta hana wasu masana'antu yin irinsa, har sai da matsin lamba ya sa kamfanin ya sassauta wa ƙasashe masu tasowa, daga baya wa'adin takardar ya cika.

Saboda haka ba na cikin masu cewa a soke mallakar ƙirƙira. Binciken magani yana cin dukiya, yawancin abin da aka fara gwadawa faɗuwa yake yi, kuma cutar Alzheimer ta cinye wa kamfanoni biliyoyin daloli a gwaje-gwajen da ba su haifar da ɗa mai ido ba. Wanda ya zuba kuɗinsa yana da haƙƙin ya ci riba. Sai dai tarihi ya nuna farashi ba wahayi ba ne. Waɗanda suka gano insulin sun sayar wa Jami'ar Toronto takardarsu a 1923 a kan dala ɗaya kowannensu. Maganin ƙanjamau yana haura dala 10,000 a shekara har zuwa 2001, lokacin da kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai bayar a dala 350, kamfanoni 39 da suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu kotu suka janye ƙararsu, aka kuma amince a taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a birnin Doha cewa ƙasa tana da ikon fifita lafiyar jama'arta. Matsalar ita ce magungunan furotin ba a kwaikwayonsu cikin sauƙi kamar farasitamol. A cikin rayayyun ƙwayoyin halitta ake noma su, suna son sanyi daga masana'anta har jijiya. Ko ranar da takardar lecanemab ta ƙare, sai mai wuta da na'urar MRI da ƙwararren mai karanta hoton zai amfana.

Akwai aikin da ba sai an jira wannan rana ba. Lambar NAFDAC da ke jikin yawancin magungunan gargajiya da na ƙarin kuzari, wadda ke ƙarewa da harafin L, shaida ce ta wucin gadi cewa an duba abin ba ya cutarwa, ba cewa yana warkarwa ba. Akan ma rubuta a kwalin, da ƙananan haruffan Turanci, cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Me zai hana a tilasta rubuta wannan jimla da Hausa, da boko da ajami, da manyan haruffa? Me zai hana gidajen rediyonmu, da ke karɓar kuɗin talla, su karanta ta a ƙarshen kowace sanarwa da irin muryar da suka karanta kirarin?

Sai batun gwaji, wanda muke gudu kuma muna da dalili. Ba a manta da Kano a 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan ana tsakiyar annobar sanƙarau, yara 11 cikin 200 da aka sa a gwajin suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye, har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Amma ƙauracewa ma tana da farashi. A gwajin lecanemab baƙaƙen fata ba su kai kashi 3 cikin ɗari ba. Kuma akwai alamar cewa cutar ba tafiya ɗaya take yi a ko'ina ba. Wani dogon bincike da aka fara a 1992, wanda ya kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen Amurka na birnin Indianapolis, ya gano a 2001 cewa yawan masu kamuwa a Ibadan bai kai rabin na can ba, kuma wani nau'in ƙwayar gado mai suna APOE4, wanda ke ƙara haɗarin cutar sosai a jikin Turawa, tasirinsa ya fi rauni a Yarabawa. Wannan ƙwayar gadon kuwa ita ce ke ƙara haɗarin kumburin ƙwaƙwalwa ga mai karɓar sabon maganin. Ibadan ta samu wannan ilimi ne don likitocinta, irin su Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi, sun zauna sun bi tsofaffin unguwanni shekara da shekaru suna rubutawa. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa za su iya fara irin wannan a kan tsofaffin Hausa da Fulani, ko da da ƙananan hukumomi biyu ne. Duk kamfanin da ya zo daga baya yana neman majinyatanmu, sai a zauna da shi da sharuɗɗa a rubuce: bayani da Hausa a gaban iyali, kwamitin ɗa'a da ke da ikon tsayar da aikin, da farashin da za a sayar mana da maganin idan ya yi nasara, a sa hannu a kansa kafin a ɗaura wa mutum na farko ruwa.